Karnel na Debian, na localmodconfig, ko ginin hannu: wanne ya dace da tsohuwar ThinkPad X220?

Duk wanda ya daɗe yana amfani da Linux, wata rana sai an samu wanda zai ce masa karnel ɗin (zuciyar Linux da ke haɗa manhajoji da kayan inji) da ya zo da Debian ko Ubuntu ya yi wa kwamfutarsa yawa, gara ya gina nasa wanda aka yanka daidai da injinsa. Maganar tana shiga kunne, musamman ga mai tsohuwar kwamfuta da ke neman duk wata dabara da za ta ƙara mata kuzari. Akwai gaskiya a cikinta, sai dai ba a wurin da yawancin masu faɗarta suke nunawa ba.

Don kada mu yi magana a iska, bari mu ɗauki inji guda: ThinkPad X220, wadda Lenovo ta fitar a 2011 kuma har yau ana samunta ta hannu a kasuwannin kwamfuta. Yawancinsu suna ɗauke da furosesa Core i5-2520M ta zuriyar Sandy Bridge, mai kai biyu da layukan aiki huɗu. Hoton allo na Intel HD 3000 ne, direbansa, wato manhajar da ke tafiyar da shi, i915. Kebul ɗin intanet yana shiga ta Intel 82579LM, direbansa e1000e. Katin Wi-Fi a mafi yawansu Centrino Advanced-N 6205 ne, sautin kuma na Conexant, mai karanta katin SD na Ricoh. Duk waɗannan kayan Linux ya san su sama da shekara goma, babu wanda ke buƙatar direba daga waje. Wannan ya sa injin ya dace da gwaji, domin duk bambancin da za a gani tsakanin hanyoyin, daga saiti ya fito, ba daga rashin direba ba.

Abin da ake kira saita karnel, a taƙaice, cike fayil guda ne mai suna .config. A cikinsa akwai dubban zaɓuɓɓuka, yawancinsu da amsa ɗaya cikin uku: y, wato a ɗinke shi a jikin karnel, m, a gina shi a matsayin mojul da za a ɗauko daga faifai idan an buƙace shi, ko a bar shi gaba ɗaya. Hanyoyi uku da za mu kwatanta sun bambanta ne a kan wanda ke ba da waɗannan amsoshin. A ta farko mutanen Debian ne. A ta biyu wata 'yar manhaja ce da ke leƙa abin da injinka ke amfani da shi. A ta uku kai ne da kanka.

Barin na Debian yadda yake

Debian 12, wadda ta fito a Yunin 2023, tana tafiya da karnel 6.1. Debian 13 ta Agustan 2025 tana da 6.12. Dukansu daga cikin fitowar da ake yi wa doguwar kulawa suke. An gina su don su tashi a kan kusan kowace kwamfuta mai furosesa 64-bit ta Intel ko AMD, shi ya sa suke zuwa da mojuloli dubbai: na katunan talabijin, na manyan sabobi, na na'urorin da ba ka taɓa gani ba.

A nan ne kuskuren fahimta yake. Mutane suna zaton duk wannan tarin yana zaune a RAM yana cin wuri. Ba haka ba ne. Mojul ɗin da ba a loda ba fayil ne kawai a ƙarƙashin /lib/modules, ba ya cin RAM, ba ya cin lokacin furosesa. Lokacin tashi, udev, manhajar da ke kula da na'urori, yana duba lambobin na'urorin da ke jikin injin, ya ɗauko direbobinsu kaɗai. Buga lsmod, umarnin da ke jera mojulolin da aka loda, a X220 ka ƙirga: abin da za ka gani ɗari da 'yan kai ne, ba dubbai ba. Wato karnel ɗin Debian ya riga ya daidaita kansa da injinka duk lokacin da ka kunna ta. Sannan lambar manhaja (code) da ke tsara aikin furosesa da rabon RAM ita ce dai a ko'ina, ko ka cire direban katin talabijin ko ka bar shi. Wanda ya gina nasa yana jiran Firefox ya riƙa buɗewa da ninkin sauri, zai sha jira.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawan abubuwan da ake zuwa ginin karnel dominsu alhali ana samunsu ba tare da an gina komai ba. Kana son injin ya riƙa amsawa da hanzari ko da yana cikin aiki mai nauyi? Tun daga 5.12 akwai damar zaɓar hakan lokacin tashi, sai ka ƙara preempt=full a /etc/default/grub, fayil ɗin saitin GRUB mai tayar da karnel, ka buga update-grub. RAM ya yi kaɗan? Kunshin zram-tools zai ware wani sashe na RAM ya riƙa matse bayanai a ciki, kuma a kan inji mai gigabait 4 ana jin bambancinsa fiye da duk wani datse-datsen saiti. Fayil ɗin initramfs, wanda karnel ke ɗaukar direbobin farko daga ciki kafin ya buɗe faifai, ya yi girma yana jan lokacin tashi? A /etc/initramfs-tools/initramfs.conf canza MODULES=most zuwa MODULES=dep, sai a zuba direbobin injinka kaɗai. Mai aikin sauti da ke son karnel mai amsa nan take ma yana da linux-image-rt-amd64 a shirye. Idan sabuwar fitowa kake so saboda wata na'ura, akwai backports a Debian, akwai HWE a Ubuntu, duka hanyoyin samun sabon karnel ne da aka riga aka gina.

Akwai kuma mitigations=off, wanda ake ta yaɗawa a matsayin sirrin sauri. Gaskiya ne yana kashe matakan kariya da aka saka bayan tonon asirin Spectre da Meltdown a Janairun 2018, kuma tsofaffin furosesa irin Sandy Bridge suna cikin waɗanda matakan suka fi ragewa gudu. Amma a kan kwamfutar da kake buɗe shafukan intanet da manhajar banki, ni ba zan taɓa shi ba. Ko ma dai ka yanke shawarar taɓawa, layi ɗaya ne a GRUB, ba ya buƙatar gini.

Babbar ribar wannan hanya ita ce facin tsaro. Ana gano ramuka a karnel kullum. Dirty COW a 2016 da Dirty Pipe a 2022 su ne suka yi suna, domin duka biyun suna ba wa mai ƙaramin asusu damar zama mai cikakken iko a kan inji, amma ƙananan da ba a jin labarinsu sun fi yawa nesa ba kusa ba. Mai karnel ɗin Debian yana buga apt upgrade ya sake kunna inji, magana ta ƙare. Idan injin na zamani ne mai Secure Boot, tsarin da ke hana tashi da karnel marar sa hannu, karnel ɗin Debian da na Ubuntu suna zuwa da sa hannu, ba sai ka ƙirƙiri makullinka ka shigar ta mokutil ba.

Aibinta? Ba ka da ta cewa a kan abin da aka ɗinke da y. Idan kana buƙatar faci da bai shigo ba tukuna, ko wani zaɓi da Debian ta kashe, sai dai ka koma ɗaya daga cikin biyun da ke tafe. Kuma ba za ka koyi komai game da cikin injinka ba, wanda ga wasu shi ne dalilin shiga Linux tun farko.

Datsewa da localmodconfig

Wannan umarni ya shigo ne a karnel 2.6.32 a ƙarshen 2009, aikin Steven Rostedt. Dabararsa mai sauƙi ce. Yana ɗaukar saitin karnel ɗin da kake kai, wanda a Debian yake a /boot da sunan da ya fara da config, sai ya duba lsmod, ya kashe duk wani mojul da ba a loda ba a wannan lokacin. Abin da aka ɗinke da y ba ya taɓa shi. Sakamakon shi ne saitin da ya gaji duk hikimar mutanen Debian a kan manyan al'amura, amma an zubar da dubban direbobin da ba naka ba.

Ribar a lokacin gini take. Cikakken saitin Debian a kan X220 aikin sa'o'i da dama ne, fanka na kuka, ƙasan injin na zafi, kuma idan ba ka kashe bayanan bin diddigin kurakurai ba, babban fayil (folda) ɗin ginin zai cinye gigabait masu yawa har ya cika ƙaramin SSD. Bayan localmodconfig, da make -j4, aikin yakan sauko ƙasa da sa'a guda. Ga wanda wutar lantarki ba ta zama masa, batirin kuma ya tsufa, wannan bambanci ne tsakanin aikin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. Idan ma wuta ta ɗauke a tsakiya, make yana ci gaba daga inda ya tsaya, ba ya komawa farko.

Matsalarsa kuwa tana cikin kalmomin nan: a wannan lokacin. Kamar tela ne da ya auna ka a ƙarshen watan azumi ya yanka yadin cif-cif, bai bar ko yatsa ba. Ranar awon rigar ta zauna, bayan sallah da wata guda kuma labari ya canza. Duk abin da ba a jone ba lokacin da ka buga umarnin, karnel ɗinka bai san da shi ba.

Ka ɗauki misalan da za su same ka a mako na farko. Ka jona wayarka ta Android da kebul don ka ba kwamfuta data: wannan yana buƙatar rndis_host, ko cdc_ncm a sababbin wayoyi, iPhone kuma ipheth. Idan ba a loda su ranar ba, wayar za ta yi caji kawai, intanet ba zai zo ba. Mai amfani da modem na USB yana buƙatar option da ire-iren huawei_cdc_ncm ko qmi_wwan. Abokinka ya kawo filashi: usb-storage da uas, sannan vfat tare da nls_cp437, ko exfat idan filashin babba ne, ko fuse idan faifan Windows ne da za a buɗe ta ntfs-3g. Ka je buga takarda: usblp. Ka kunna VPN: tun ko wireguard. Ka so buɗe fayil ɗin ISO: loop da isofs. Docker shi kaɗai yana jan overlay da veth da bridge da tarin mojulolin katangar tsaro ta netfilter, kuma saƙon kuskuren da zai ba ka idan sun ɓace ba ya nuna karnel ne matsalar, sai ka yi ta laluben wani wuri daban.

X220 tana da nata tarkon na musamman. Akwai ɗan makunni a gefenta da ke kashe duk na'urorin rediyo. Idan yana kashe, Bluetooth yakan ɓace daga jerin USB ɗungurungum, don haka btusb ba zai lodu ba, localmodconfig kuma zai ɗauka ba ka da Bluetooth. Haka mai karanta katin SD: direban mai karantawar yana loduwa tun tashi, amma mmc_block, wanda ke mayar da katin faifan da za a iya buɗewa, sai an zura kati yake fitowa.

Maganin waɗannan duka sananne ne, kuma kashi uku ne. Na farko, kafin ka buga umarnin, ka tattaro duk abin da kake jonawa: waya, filashi iri biyu, katin SD, firinta, linzamin USB, ka kunna VPN da Docker sau ɗaya. Mojul idan ya lodu yakan zauna ko an cire na'urar, don haka ba sai sun kasance a jone lokaci guda ba, kada dai ka kashe injin a tsakani. Na biyu, akwai modprobed-db, wata ƙaramar manhaja da ta fito daga wajen masu Arch, wadda ke rubuta sunan duk mojul ɗin da ya taɓa loduwa. Ka bar ta ta yi makonni tana tarawa, sannan ka miƙa jerin ta hanyar LSMOD, zaɓin da ke sa localmodconfig ya karanta jerin daga fayil. Na uku, wanda na fi so, shi ne LMC_KEEP. Idan ka rubuta LMC_KEEP="drivers/usb:drivers/net/usb:fs" kafin make localmodconfig, zai bar duk mojulolin waɗannan manyan fayilolin ko ba a loda su ba. Lokacin gini zai ɗan ƙaru, amma yawancin abin kunyar da na lissafa a sama daga waɗannan wurare uku yake fitowa. Mai Docker ya ƙara net a jerin, ya kuma tabbatar veth ya lodu kafin ya buga umarnin.

Wannan LSMOD yana da wani amfanin da ba a cika ambata ba. Ba dole ne ka yi ginin a kan X220 ba. Ka buga lsmod ka zuba sakamakon a fayil, ka kwafi fayil ɗin tare da saitin /boot zuwa wata kwamfuta mai ƙarfi, a can ka yi localmodconfig da make bindeb-pkg. Za ka samu fayilolin .deb da za ka dawo da su a filashi ka shigar da dpkg -i. Aikin da zai dafa tsohuwar injin, sabuwa tana gamawa kafin shayi ya huce.

Ina ba da shawarar bindeb-pkg a kan make install ko da a inji guda kake aiki, domin apt zai san da karnel ɗin, zai gina masa initramfs, ya saka shi a GRUB, kuma ranar da ka gaji da shi apt remove zai share shi tsaf. Kayan aikin da za ka fara shigarwa su ne build-essential, bc, flex, bison, libssl-dev, libelf-dev, libncurses-dev, debhelper da rsync. Abu biyu sukan tsayar da ginin farko. Ɗaya, saitin Ubuntu, da na wasu fitowar Debian, yana nuni ga fayilolin takardun shaida da babu su a lambar kernel.org, sai ka mayar da SYSTEM_TRUSTED_KEYS da SYSTEM_REVOCATION_KEYS fanko da scripts/config. Biyu, DEBUG_INFO_BTF yana neman manhajar pahole. Ko ka shigar da ita, ko ka zaɓi DEBUG_INFO_NONE, wanda dama shi ne zai rage maka rabin wahalar wuri da lokaci.

Wa wannan hanya ta fi yi wa amfani? Wanda ke neman kuskure. A ce bayan sabunta karnel, X220 ta daina farkawa daga barci, alhali a fitowar baya tana yi. Tsakanin fitowa ɗaya da ta gaba akwai sauye-sauye sama da dubu goma, kuma git bisect yana raba su biyu-biyu har ya kai ga mai laifin, wanda ke nufin gini sau goma sha uku ko sha huɗu. Da cikakken saiti, aikin mako ne ko fiye. Da datsattsen saiti, ana iya gamawa a ƙarshen mako guda. Takardun karnel ɗin kansu, a jagorar da Thorsten Leemhuis ya rubuta kan saurin gina datsattsen karnel, wannan amfanin suka sa a gaba: gwaji, tabbatar da faci, bin sawun kuskure. Ba su sayar da shi a matsayin maganin jinkirin kwamfuta ba.

Ginin hannu daga tushe

A nan kana farawa da make defconfig, wanda ke ba da matsakaicin saiti na gama-gari, ko kuma tinyconfig idan kana son farawa daga kusan babu, har saƙonnin allo sai ka kunna su da kanka. Daga nan sai make menuconfig, ka bi jerin ɗaya bayan ɗaya. Makamanka su ne lspci -k, wanda ke nuna kowace na'ura da direban da ke riƙe da ita a karnel mai aiki, da lsusb, da madannin / a cikin menuconfig wanda ke nemo zaɓi ya nuna maka abin da ya dogara a kai. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin zaɓi ba ya ma bayyana a jeri sai an kunna iyayensa.

Ga X220 jerin bai da tsawo: SATA_AHCI don faifai, EXT4_FS ko duk tsarin fayil ɗin da ka zaɓa, DRM_I915, E1000E, SND_HDA_INTEL tare da SND_HDA_CODEC_CONEXANT, THINKPAD_ACPI don madannan Fn da fanka, MOUSE_PS2 don jan ɗigon tsakiyar kibod, MMC_SDHCI_PCI, USB_EHCI_HCD, USB_VIDEO_CLASS don kyamara. Ƙirar da ke da i7 tana da ramin USB 3.0 guda, ita sai an ƙara XHCI.

Wi-Fi shi ne inda aka fi faɗawa rami, kuma ramukan biyu ne. IWLWIFI shi kaɗai ba ya aiki. Katin 6205 yana buƙatar IWLDVM, sababbin katuna daga 7260 zuwa sama kuma IWLMVM, defconfig kuwa bai kunna ko ɗaya ba. Na biyu ya fi wayo. Katin ba ya tashi sai an loda masa tasa 'yar manhajar, fayil mai suna iwlwifi-6000g2a-6.ucode da ke /lib/firmware. Idan ka ɗinke direban da y don ka guje wa mojuloli, zai nemi fayil ɗin tun kafin a buɗe faifai, bai samu ba, ya haƙura. Sai ka ga komai daidai a saiti amma babu Wi-Fi. Ko ka bar shi a m, ko ka saka sunan fayil ɗin a EXTRA_FIRMWARE don a cusa shi cikin karnel.

Yawancin masu bin wannan hanya burinsu su rabu da initramfs. Yana yiwuwa, amma da sharuɗɗa. Direban faifai da tsarin fayil dole su zama y, in ba haka ba za ka gamu da shahararren saƙon nan na VFS: Unable to mount root fs, injin ya sandare. Karnel shi kaɗai bai san root=UUID ba, wanda shi GRUB na Debian ya saba rubutawa idan akwai initramfs; PARTUUID ko sunan na'ura kai tsaye yake ganewa. Idan ka kulle faifanka da LUKS, babu zancen rabuwa da initramfs, domin a cikinsa ake tambayar kalmar sirri. Sannan gyaran furosesa na kunshin intel-microcode ta initramfs ake loda shi da wuri; ka jefar da shi ba tare da ka yi wani tanadi ba, ka jefar da wani sashe na kariyar Spectre ba ka sani ba.

Me ake samu bayan duk wannan? Ƙaramin karnel, gini mai sauri ƙwarai, da ɗan ragin lokacin tashi. Kafin ka sa rai da yawa, buga systemd-analyze ka ga kason karnel a lokacin tashin. Sau da yawa daƙiƙu kaɗan ne, sauran na BIOS ne da manhajojin da ke biyo baya. X220 mai faifai mai juyawa, ka saka mata SSD, ko a babban ramin ko a ramin mSATA da take da shi, za ta canza fiye da yadda kowane saiti zai canza ta. Haka RAM: Lenovo ta rubuta gigabait 8 a matsayin iyaka, amma jama'a suna saka 16 tana ɗauka.

Akwai hujjar tsaro guda da take da ƙarfi, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta. Lambar da ba a gina ba, ba za a iya kai hari ta cikinta ba. Karnel yakan loda wasu mojuloli da kansa idan wata manhaja ta nemi wata tsohuwar hanyar sadarwa, kuma an sha samun ramuka a irin waɗannan wurare da ba mai leƙawa, kamar wanda aka gano a DCCP a 2017. Datsattsen karnel ya tsira daga irin wannan tun asali. Sai dai ana iya toshe mojulolin a karnel ɗin Debian ma, da layi kamar install dccp /bin/false a /etc/modprobe.d. Kuma ribar tana komawa asara ranar da ka yi watanni uku ba ka sake gini ba.

Wannan ne ainihin farashin hanyoyi biyun na ƙarshe, kuma ba a ganinsa ranar farko. Babbar fitowa tana zuwa duk mako tara zuwa goma, ƙananan gyare-gyare kuwa kusan kowane mako. Fitowar da ba ta doguwar kulawa ba ana daina yi mata faci jim kaɗan bayan ta gaba ta fito. Daga ranar da ka tashi da karnel ɗinka, kai ne sashen tsaron kanka: kai za ka bi sanarwa, ka sauko da lamba, ka buga make olddefconfig, ka gina, ka gwada. Cikakken kunshin lambar kusan megabait 140 ne a matse, abin da mai sayen data zai sa a lissafi, ko da yake ƙananan fayilolin faci da kernel.org ke bayarwa sun fi sauƙi sosai. Mai VirtualBox ko wani direban waje da DKMS ke sake ginawa ga kowane karnel kuma kada ya manta da shigar da kunshin headers na kowane gini. Idan za ka ɗauki wannan nauyi, ka tsaya a kan 6.12 ko 6.6 ko wata mai doguwar kulawa, ko kuma ka gina daga kunshin linux-source na Debian, wanda apt ke sabuntawa tare da facinsu, don aƙalla ka san ranar da ya kamata ka sake gini.

Mutanen Gentoo, waɗanda su aka fi sani da ginin hannu, sun daɗe da gane wannan nauyin. Ban da gentoo-sources na gargajiya, yanzu suna da gentoo-kernel-bin wanda aka riga aka gina, da gentoo-kernel wanda ke gina kansa da saitin gama-gari amma yana karanta 'yan layukan da ka ajiye a /etc/kernel/config.d. Tunanin nan ya cancanci aro ko a Debian kake: maimakon riƙe cikakken .config na dubban layuka, ka riƙe ɗan fayil mai layi goma ko ashirin na abin da ka canza kaɗai, ka riƙa haɗa shi da saitin Debian ta scripts/kconfig/merge_config.sh. Bayan shekara za ka iya karanta shi ka tuna dalilin kowane layi.

To, wanne za ka ɗauka?

Idan X220 ɗin ita ce kwamfutar karatunka ko ta neman abincinka, wadda yau ake jona mata waya gobe firinta, ka bar karnel ɗin Debian. Ka sa zram, ka gyara GRUB idan da buƙata, kuɗin da lokacin kuma su tafi wajen SSD. Ba na ganin wata hujjar sauri da ta isa ta kawar da wannan.

Idan wani abu ya lalace bayan sabuntawa, ko kana da faci da kake son gwadawa, ko akwai zaɓi guda da Debian ta kashe kai kuma kana buƙata, localmodconfig tare da LMC_KEEP ne naka. Ka gina, ka yi abin da ya kawo ka, idan gyaran ya shigo karnel ɗin Debian ka koma gida.

Ginin hannu ya dace da yanayi biyu. Ɗaya, injin da aikinsa guda ne kuma kayansa ba sa canzawa, kamar X220 da allonta ya fashe aka mayar da ita ƙaramar sabar fayiloli a lungu, kebul ɗaya faifai ɗaya. Biyu, wanda koyo yake so, kuma wannan dalili ne mai kyau da ba ya buƙatar a ɓoye shi a bayan zancen sauri. Mako guda a cikin menuconfig da madannin ? zai koya maka yadda kwamfuta ke tashi fiye da darasi da yawa. Ka fara dai da defconfig, ba tinyconfig ba, kuma zai fi kyau a kan injin da ba shi ne kaɗai gare ka ba.

Duk wadda ka bi cikin biyun ƙarshe, ka ba ginin suna ta LOCALVERSION, misali -x220, don mojulolinsa su samu nasu babban fayil kada su hau kan na Debian. Kada ka cire kunshin linux-image-amd64. Ka bar shi yana karɓar facinsa. Ranar da naka ya ƙi tashi, sai ka shiga Advanced options a GRUB ka zaɓi na Debian, ka buga journalctl -k -b -1 idan ginin ya kai ga rubuta wani abu kafin ya tsaya, ka gyara saitin daga can.